A Tsayar da Gona Saboda Allo da Alli: Kira ga Mutanen Kurfai

 Sarakuna iyayen ƙasa, malamai magada annabawa, iyayenmu mata, manoma da makiyaya, ƴan kasuwar Filinge, da ƴan'uwanmu da bida ta kai Yamai, Kwatano, Lome, Akara, Kumasi, Abijan, Legas da Libiya: maganar nan taku ce, kuma ba sai wani baƙo ya zo da mota da takardun furoje ya faɗa mana ita ba.

Duk shekara ana shelar komawa lakkwal a watan Oktoba. Mu da ke da dangi a ƙauye mun san shelar ba ta isa ko'ina a rana ɗaya. Inda aji na kara ne, sai an gama girbi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sannan iyaye su sami sukunin yanko kara su kafa rumfa. Kafin nan wata guda ya wuce, wani wurin har biyu. Da iskar farkon damina ta taso kuma, ita ce ke ba yara hutu, ba mushe mai karantar da su ba. Hukuma da bakinta ta ƙidaya irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000 a faɗin Nijar. Ba mu manta da ranar 13 ga Afrilu 2021 ba, da wuta ta cinye yara fiye da 20 a cikin azuzuwan kara na unguwar Pays-Bas a Yamai. Watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake irinta a Maraɗi.

Sai rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa. A shekarun 2022 da 2023 makarantun da aka rufe a jihar Tilaberi sun haura 800. Iyalai sun baro garuruwansu na arewa sun taru a manyan garuruwa, yaran da ke da aji jiya sun wayi gari suna yawo a tasha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, ƙasashe da ƙungiyoyi da dama suka ɗauke tallafinsu cikin ƴan kwanaki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar, abu ɗaya ya fito fili: zanen aro ba ya rufe katara. Karatun da ke tsaye a kan kuɗin wani, ranar da wanin ya yi fushi karatun ya zauna.

Wanda ya ce Bakurfaye marowaci ne bai taɓa kwana a ƙasar nan ba. Ku dubi abin da muke fitarwa a sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ku dubi ragunan suna, da buhunan shinkafar da ƴan bida ke aikowa da azumi, da abin da alhazai ke rabawa a ƙofar gida ranar Juma'a. Akwai mai zuwa Umra kusan kowace shekara. Akwai unguwar da masallatai biyu ke kallon juna, kowanne sahu ɗaya ne da asuba. Wane ni in hana wani gina ɗakin Allah? Tambaya kawai nake yi: a cikin duk wannan alheri, nawa ne ke nan da ransa bayan kwana bakwai? An dafa, an ci, an yi addu'a, an watse. Lada na nan in Allah ya yarda. Amma yaron da ya bar kwaleji saboda ba shi da mai ba shi tuwon dare a Filinge, har yanzu yana gida.

Addininmu ya tanadi sadakar da ba a cinye ta, ita ce waƙafi, wadda malamanmu na zaure suka fi sani da hubusi. Babinta na cikin littafin Risala, yana cikin Muhtasar, ana karanta shi a soro ana fassarawa a wuce zuwa babi na gaba, kamar hukunci ne na mutanen wata duniya. Asalinta sananne ne. Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, wadda ya ɗauke ta mafi daraja a duk abin da ya mallaka. Ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare gonar ita kanta, ya yi sadaka da abin da take bayarwa. Daga ranar ta fita daga kasuwa, ta fita daga rabon gado, amfaninta kaɗai ke fita zuwa ga mabukata. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina daga hannun mai sayar da ruwanta, ya sakar wa jama'a. Dukkan hikimar ke nan: uwar dukiya ta zauna, ƴaƴanta su riƙa aiki.

Da wannan Musulmi suka riƙe ilimi shekaru aru-aru, tun babu ma'aikatar ilimi a ko'ina a duniya. A Fas ta ƙasar Maroko, wata mace, Faɗimatu al-Fihriyya, ta ɗauki gadon mahaifinta ta kafa masallacin Ƙarawiyyina a shekarar 859, wurin da ya zama cibiyar karatu har yau. Azhar ta Alƙahira, da aka kammala a 972, ta rayu ne da gonaki da shaguna da gidajen haya da bayin Allah suka tsayar mata. Daga cikinsu ake biyan malamai, ake raba wa ɗalibai gurasa, ake ba baƙi makwanci. Har sashe na musamman ɗaliban Barno suke da shi a can.

Kada wani ya ce wannan aikin Larabawa ne. A wajajen 1240, mahajjatan Kanem, baƙaƙe irinmu daga bakin tafkin Cadi, suka ba alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a Misira, suka kuma ci gaba da aika mata kuɗi daga gida. Askiya Muhammadu, sarkin Songai, wanda fadarsa ke Gawo nan maƙwabtanmu, da ya je Hajji a 1496 zuwa 1497 bai tsaya ga rabon zinariya kawai ba. Ya sayi lambuna a Madina ya tsayar da su hubusi domin mutanen ƙasashenmu na Takruru. Mutum ya taka hamada wata da watanni, ya isa, abin da ya zo masa a rai shi ne yadda wanda zai zo bayansa da shekara ɗari zai sami wurin sauka. Mu yau jirgi ke kai mu cikin sa'o'i, mu dawo da dabino da darduma da haƙorin Makka.

A zamaninmu ma hanyar ba ta toshe ba. Taron ƙasashen Musulmi na Lahor a 1974 ya yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka: ɗaya ita ce ta Sayi, a cikin jiharmu ta Tilaberi, wadda ta buɗe a 1986, ɗayar kuma a Yuganda. Ta Yuganda tana da dogon bene a tsakiyar birnin Kampala mai sunan Sarki Fahad, kuɗin hayarsa na shiga asusun jami'ar. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Sakkwato ta yi wa tata doka a 2016. Senegal ta yi dokar waƙafi a 2015, mu kuma Nijar muka yi tamu a 2019, aka kafa babbar hukumar waƙafi ta ƙasa bayanta. Wato doka na nan, hukuma na nan a Yamai. Abin da babu shi ne gonar Kurfai ko shagon Filinge da aka rubuta da sunan yaran ƙauyukanmu. Wannan kuwa ba daga Yamai zai taso ba.

Na san abin da za a ce da ni: malam, mu talakawa ne, damina ɗaya muke da ita, ita ma ba kullum take cika alkawari ba, ina mu ina benen haya? To ku saurara, domin a nan ne mazhabarmu ta yi mana gata. Malikiyya ba su ce sai gida ko fili ba. Dabba tana zama waƙafi. Littafi yana zama. Hatsi da kuɗi suna zama, a riƙa ba da su rance ana mayarwa. Ba su kuma shardanta sai har abada ba: mutum yana iya tsayar da gonarsa shekara 5 ko 10, in wa'adi ya cika ta dawo masa ko ga magadansa. Ko gidan da ka kama haya, kana iya tsayar da amfaninsa tsawon lokacin da ka biya. Ƙofa ce mai faɗi, talaka na shiga da akuyarsa.

Kuma tunanin ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Fulanin da muke zaune da su suna da haɓɓanaye: a ba wanda ba shi da komai karsana, ya riƙe ta, ya sha nono, ta haifa masa sau biyu ko uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida. Abzinawa suna ware dabbobin da ba a sayarwa, ba a raba su gado, nononsu na matan gidan ne. Mu Hausawa muna da gonar malam da almajirai ke nomawa, da kuɗin Laraba, da damin da ake kai wa liman da kaka. Abin da ya rage kawai a haɗa waɗannan da rubutu da shaidu, a fuskantar da su ga makaranta.

Ku dubi abin da Allah ya ajiye mana. A Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, akwai tashar kiwon shanun Azawak da aka san ta har wajen Nijar saboda yawan nononsu. Garin da ya tsayar da shanu 10 irin waɗannan domin makarantarsa, nono da cuku na shiga tukunyar yara, ɗan maraƙin da aka sayar ya sayi kaye da bik da alli na shekara. Muna zaune a bakin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa a wurare da yawa. Mutanen Bonkuku sun nuna mana abin da noman rani ke yi: dankalin turawansu har kasuwannin Yamai. Lambu ɗaya na zogale da albasa da dankali, da rijiya da famfo mai aiki da hasken rana, a ba mai noma shi bisa rabo, kason makaranta ya riƙa fita kowace shekara. Akwai gonakin da masu su suka tsufa, ƴaƴa duk suna bakin teku, ana ba da su aro ana rigima a kansu. Akwai kasuwar Lahadi ta Filinge da rumfunanta. Akwai Kurfayawa masu shaguna a Katako da Wadata da Babbar Kasuwar Yamai, da masu gidajen haya da su kansu ba su san adadin ɗakunansu ba sai an duba littafi. Alhaji, ɗaki ɗaya daga ciki. Ɗaya tak. Ka rubuta cewa hayarsa ta ɗaliban garinku ce.

Wanda ba shi da gona ko ɗaki kuma, akwai waƙafin taro. Lissafi ne mai sauƙi: mutum 1,000 daga cikin ƴan bidarmu, kowa jikka ɗaya a wata, abin da bai kai kuɗin katin wayarsa ba, miliyan 12 ke nan a shekara. Idan aka rabar da su sadaka, kafin sallah sun ƙare. Idan aka sayi shaguna da su, shekara ta biyu ana da shaguna da hayarsu da wasu miliyan 12 sabbi. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro daga jihar Maraɗi a 1991 sun bazu ƙasar nan da akwati mai makulli da zubin mako-mako, kuma a wurare da yawa sun fi kwamitocin maza riƙon amana. In za a ba ni zaɓi, makullin asusun waƙafi ɗaya daga ciki a hannun mace zai zauna.

To ina kuɗin za su? A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara, ko da wasu ba za su so ba. Kada mu fara da gini. Gini mun iya shi: zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗan Fandu nan kusa da mu, ƙungiyar samariya ta tayar da azuzuwa da gayya, laka da hannu. Gini shi ne abin da mai kuɗi ya fi so, domin ana ganinsa, ana liƙa masa allo da suna. Abin da ke kashe karatu a ƙasar nan ba a ɗaukar hotonsa. Yaro ya gama firamare a ƙauyensu da ƙoƙari, an tura shi kwaleji a gari. Ina zai sauka? Uban ya ɗauki tiya kaɗan na hatsi ya kai shi gidan wani ɗan'uwa na nesa, wanda shi ma bakuna goma ke jiransa. Wata uku hatsi ya ƙare, fuska ta canza, yaro ya zama ɗan aike, daga nan sai tasha, sai motar Kwatano. Idan yarinya ce abin ya fi muni: ita ce ɗibar ruwa, ita ce daka, ita ce talla, kuma uwarta a ƙauye ba ta barci don tunanin abin da zai iya samunta. Da yawa daga cikin iyayen da ke cire ƴaƴansu mata su yi musu aure ba ƙin karatu suke ba, tsoro ne. A ƙasar da mata 3 cikin 4 ke yin aure kafin shekara 18, duk wanda ya samar wa ƴan matan ƙauye gida mai katanga a Filinge, da dattijuwa mai tsoron Allah da ke kwana da su, da rumbun da ba ya ƙarewa kafin hutu, ya yi abin da wa'azin shekara goma bai yi ba. Masauki da abinci, su ne farko.

Na biyu, makarantar allo. Mun saba ganin yaro da ƙoƙo a ƙofar gida har mun ɗauka haka addini ya ce. Malamin da aka tara wa yara 40 ba a ba shi ko dami ɗaya ba, me ake so ya ciyar da su? Tsayar masa da gona, gari ya yi mata gayya sau biyu a damina, a sa masa sharaɗi: yaran nan ba za su yi bara ba, kuma za su koyi lissafi da rubutun boko da wata sana'a tare da Alƙur'ani. Malamin kirki zai karɓa da hannu biyu. Wanda ya ƙi, jama'a sun gane abin da yake nema.

Akwai masu cewa dukiyar Allah ba ta halatta ga lakkwal, sai ga karatun addini. Ina roƙonsu su je asibitin Filinge su tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, su tambayi kansu wa suke so ya karɓi haihuwar matansu. Ungozoma da likita mace ba daga sama suke faɗowa ba, daga aji suke fitowa. Likitan dabbobin da zai ceci garkenku, da mai gyaran famfo, da alƙalin da ba zai ci hanci ba, duk farilla ce a kan al'umma ta samar da su, in babu su, kowa ya yi laifi. Makarantun da waƙafi ya riƙe a da sun karantar da fiƙihu, sun karantar da lissafi da ilimin taurari da magani. A ƙasar nan ma tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko a Sayi mai haɗa Larabci da Faransanci. Raba allo da alli rigima ce da ba ta amfani kowa ba.

Wannan kuma ba sauke wa gwamnati nauyi ba ne. Albashin mushe, da kuɗin malamai ƴan kwantaragi a kan lokaci, da aji na siminti, da tsaron da zai sa a sake buɗe makarantun da aka rufe, duk haƙƙinmu ne a kanta, za mu ci gaba da nema da babbar murya. Garin da ke riƙe da rumbun makarantarsa ya fi ƙarfin baki a gaban hukuma fiye da wanda ya zo hannu sake.

Yanzu ga wurin da ake faɗuwa. Mu faɗa wa juna gaskiya: bankunan hatsi nawa aka buɗe a ƙauyukanmu bayan yunwar 1984 da ta 2005, nawa ne ke da hatsi a ciki yau? Famfuna nawa suka mutu saboda kuɗin gyaran da aka tara sun bi ta aljihun wani? Dukiyar da ake cewa ta kowa ce, ita ce ta fi saurin zama ta mutum ɗaya. Waƙafin da aka yi da baki a gindin bishiya, da mai shi ya rufe ido magada za su ce ba su san zancen ba. Shari'a ta riga ta hango wannan. A wurin Malikiyya, wanda ya furta waƙafi amma ya ci gaba da riƙe kayan a hannunsa har mutuwa ta zo, ko ciwon ajali ya kwantar da shi, ko bashi ya cinye dukiyarsa, waƙafin ya warware. Dole ya fita daga hannunka ya shiga hannun mai kula da shi tun kana da lafiya. Wanda ya bari sai a gadon mutuwa kuwa, hukuncin wasiyya ya hau kansa, ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Haka nan ba a yin waƙafi don a cuci magada, ko don a hana ƴaƴa mata rabonsu. Wanda ya yi don haka ya san da wa yake wasa.

Saboda haka a rubuta. A rubuta da Larabci ko ajami a gaban liman, a rubuta da Faransanci a gaban hukuma. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda muke kira COFO, tun daga ƙauye har zuwa babban gari, suna ba da takardar shaidar kyautar fili. A taka iyakar gonar da mai gari da maƙwabta, a kafa alama. A faɗi a takarda wa zai ci amfanin, wa zai kula, nawa ne ladan wahalarsa, wa zai sauke shi in ya karkace. Kada mai kula ya zama shi ne mai ajiya, shi ne mai bincike. A fara cire kuɗin gyara kafin a raba komai, domin shagon da rufinsa ya zube ba ya biyan haya. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga sunayen yaran da suka amfana. A ɗauki muryar a waya a tura wa ƴan bida ta WhatsApp. Mai gaskiya ba ya gudun wannan rana.

A kuma yi hattara da hannun masu mulki, ko na wane zamani ne. Da Faransa ta ci Aljeriya daga 1830, cikin abubuwan da ta fara yi har da mayar da dukiyar hubusi ƙarƙashin gwamnatinta, makarantun da ke rayuwa da ita suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Tunisiya ta soke hubusi da kanta a 1956 da 1957. Mu yi rajista, mu bi doka, mu nemi shawarar hukumar waƙafi, amma riƙon ya zauna a hannun mutanen garin da suka san yaran da sunayensu.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da mu a wannan lokaci, ba zan ɓoye shi ba. A sassan jiharmu ƴan bindiga suna kore garke, suna karɓar dabbobi da ƙarfi su kira shi zakka. Fari ma ɓarawo ne: wanda ya ga 1973 da 1984 ya san yadda garke ke ƙarewa. Don haka kada a tara shanun waƙafi wuri ɗaya. A rarraba su gida-gida bisa tsarin haɓɓanaye. Kada a dogara ga gonar tudu kaɗai: a haɗa da lambu a dallol, da shago a Filinge, da ɗaki a Yamai, in ɗaya ya gaza ɗaya ya ɗauka. Garuruwan da aka rufe makarantunsu ma kada su ce ba su cikin zancen. Su ne suka fi kowa bukata, domin yaransu ne ke zaune a gidajen mutane a wasu garuruwa ba su da mai ciyar da su. A rubuta cewa amfanin na bin yaran garin duk inda suke karatu, har ranar da za su koma gida.

Malamai, Allah ya gafarta muku, ku ne farkon waɗanda nake roƙo. Huɗuba ɗaya a kan hubusi kafin a gama girbin bana, da Hausar da tsohuwa za ta gane, da hukuncinsa da sharuɗɗansa. Ranku ya daɗe, sarakuna da masu gari, filayen da ke hannunku na jama'a, ku ware wa makaranta tun kafin masu sayen fili su iso, kuma ku zama farkon sa hannu. Ku kuma ƴan bokon Kurfai, da ke ofisoshin Yamai da jami'o'i da asibitoci, kowannenku ya tuna gidan da ya sauka lokacin da yake kwaleji, da matar da ta riƙa zuba masa tuwo ba ta haife shi ba. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ba za ku iya biyansu ba. Ku kuka iya rubuta takarda, ku kuka san ƙofar hukuma, ku kuka iya lissafin da ɓarawo ba zai ɓuya a cikinsa ba. Ƙungiyoyinku na ƴan asalin gari kaza da ke taruwa sai an yi mutuwa ko an naɗa wani muƙami, ga aiki ya same su.

Baba, kai da ke da gona uku ƙarfinka ya rage na ɗaya, kada ka ce sai ka yi wasiyya. Kira ƴaƴanka, na gida da na waje, maza da mata, ka gaya musu niyyarka su ji daga bakinka. Ka aika a kira mai gari da liman da shaidu biyu, ku taka iyakar tare, a rubuta, a kai wa COFO ta buga hatimi, ka miƙa ta ga wanda aka naɗa tun bana, kafin ruwan shuka ya sauka.